Manoman Tumatir da Baƙuwar Tsutsa

A arewacin Jihar Kaduna, tsakanin Zariya da Kano, akwai ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Ƙasa ce mai yawan fadamu. Ana noman rake da masara da barkono, da rani kuwa sai a cika lambuna da tumatir, ana labta wa motoci suna kai shi biranen kudu.

A shekarar 2016 wata masifa ta auka wa manoman tumatir. Wani ɗan ƙwaro mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, ya yaɗu cikin gonaki. Asalinsa daga Amurka ta Kudu yake, ya shiga Sifen a 2006, daga baya ya iso Afirka. Da dare yake yawo, yana zuba ƙwai a kan ganye. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta huda ganyen ta shige ciki, ta yi ta ci, ta kuma huda ɗan tumatirin. Cikin 'yan kwanaki lambu mai kore shar sai ya koma kamar an babbake shi. Tumatir ya yi tsada ƙwarai, har a watan Mayu na shekarar gwamnatin jihar ta ba da sanarwar dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

To, abin lura shi ne yadda manoma suka tari abin. Wanda ya san hanya ɗaya tak, wato feshi, sai ya fesa magani. Bai ga sauƙi ba, ya ƙara. Kuɗi ya ƙare, tsutsa kuwa tana nan lafiya lau, domin tana ɓoye cikin ganye inda yawancin magani ba ya isa gare ta, kuma ƙwaron yakan saba da maganin da aka yawaita fesa masa. Ba rashin ƙwazo ne ya ka da wannan manomi ba. Ai ya yi wahala fiye da kowa.

Wanda ya tsaya ya tambayi kansa, "Ina ƙwaron nan yake kwana, me kuma yake so?" shi ne ya kama bakin zaren. Tun da yana son haske, ana iya kunna fitila da dare bisa kwanon ruwa mai sabulu, ya zo ya faɗa. Tun da yana saura cikin tsofaffin karan tumatir, sai a tuge su a ƙone bayan tsinka. Tun da yana cin dangin tumatir, irin su gauta da dankalin Turawa, sai a hutar da wurin da masara ko albasa. Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ta isa ita kaɗai. Haɗa su ake yi, a kuma nemi shawarar malamin gona.

Haka abin yake a cikin aji. Hadda tana da amfani, ba mai musun wannan, akwai kuwa abubuwan da ba a riƙe su sai da ita. Amma yaron da ya haddace cewa 7 sau 8 shi ne 56, bai san dalili ba, ranar da ya manta ya tsaya ke nan. Wanda ya gane kuwa sai ya ce 7 sau 4 ai 28 ne, ya ninka, ya sami 56. Ko ya ɗauki 70, wato 7 sau 10, ya ɗebe 14. Ko ya jera tsakuwa layi 7, kowane layi 8, ya ƙidaya.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tun da amsar ɗaya ce. Gaskiya ne, amsar ɗaya ce, amma tambayar takan sake. Kafin 1973, a kasuwar Makarfi da fam da sule ake cinikin rake da mazarƙwaila. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. 'Yan makaranta sun sha wuya wajen haddace lissafinsu. Ran 1 ga Janairu, 1973, sai aka fito da naira, mai kwabo 100. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Wanda a kansa sule kwabo 12 ne har abada, dole ya riƙa ruɗewa wajen canji. Wanda ya fahimci cewa lissafin kuɗi tara ƙanana ne su zama babba, sai ya ajiye sha biyu ya kama goma, ya karɓi canjinsa daidai, ya ɗauki sandar rakensa ya nufi gida.