Ayabar Dala Miliyan Shida da Tagullar Fadar Bini

Tun da aka ɗage bikin buɗe gidan tarihin fasahar Afirka ta Yamma, MOWAA, a Birnin Bini a watan Nuwamban 2025, bayan masu zanga-zanga sun kutsa cikin taron baƙi, 'yan bokonmu suka samu abin taunawa. Waƙar dai ɗaya ce: ai dama an faɗa, Buhari ya yi ɓarna da ya sa hannu a 2023 cewa duk tagullar Bini da aka dawo da ita mallakar Oba ce, wato Sarkin Bini, kayan da ya kamata duniya ta gani za su shige fada su ɓace. Wata farfesa 'yar Suwizalan, Brigitta Hauser-Schäublin, ce ta rera ta a wata jaridar Jamus tun a waccan shekarar. Namu amshi kawai suke yi, har da rausaya.

To, bari mu tuna musu da ayaba. A Nuwamban 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Niyok ya sayar da ayaba guda, an manna ta a bango da salatif, a kan dala miliyan 6.2. Aikin Maurizio Cattelan ne, ɗan Italiya. Wanda ya saya, Justin Sun, ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya ɓare ta ya cinye. Babu wanda ya yi kuka, domin masana fasahar zamani sun riga sun yi mana fatawa: ayabar ba komai ba ce, in ta ruɓe a sake wata, abin da aka saya shi ne takardar shaida da ma'anar da ke bayanta. Madalla! Mun ji, mun karɓa.

Amma da aka zo kan kawunan tagulla da allunan da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, lokacin da suka ƙone birnin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, sai fatawar ta juya. Nan kuma ma'ana ba ta da daraja, ƙarfen ne komai. Sai a yi ta lissafin zafin ɗaki da laima da kaurin gilashi, kamar majinyaci ake jinya. Alhali kawunan nan an ƙera su ne don a ɗora a kan dakalin tunawa da sarakunan da suka shuɗe, a kafa musu hauren giwa a ka. Allunan kuwa a ginshiƙan fada suke, tarihin gidan sarauta ne aka zuba a tagulla. Abin da mutanen Bini suka rasa ya wuce ƙarfe, ai maƙeran titin Igun har yau suna zuba tagulla. Zumuncin da ke tsakanin mai rai da kakansa aka yanke, shi kuwa ba a ɗinke shi da tikitin shiga gidan kallo.

Bahaushe ma ya kamata ya fi kowa gane wannan. Wa zai tunkari Sarkin Kano ya ce a kai tagwayen masu cikin akwatin gilashi, ko a ce wa Katsina ta miƙa takobin Gajere, wai don 'yan yawon buɗe ido su samu na ɗauka a waya? Darajarsu tana hannun da yake riƙe da su ranar hawa.

Za a ce ai fada ba ta da tsaro. Wannan magana dariya take ba ni. Gidan Tarihin Birtaniya, mai riƙe da kayan Bini sama da 900, shi ne ya fito a 2023 ya ce kayansa kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace ko sun lalace, har shugabansa Hartwig Fischer ya ajiye aiki. Su ne malaman tsaron namu. Kuma da zarar an ce su dawo da kayan mutane sai su ɓuya bayan dokarsu ta 1963 mai hana fitar da kayan gidan, dokar da su suka rubuta da hannunsu. Holan dai ta dawo da kaya 119 a Yunin 2025, sama ba ta faɗo ba. Za a kuma ce talaka ba zai gani ba. Talakan Bini nawa ne ya samu bizar Landan a shekaru sama da ɗari da ashirin?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu wannan wa'azi a nan gida. Suna ina a 2010 da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi? Suna ina ake ta yanka ganuwar Kano fuloti-fuloti, ana kafa shaguna da gidajen mai, ana ɗibar ƙasarta ana yin tubali? Ba mu ji ɗuriyarsu ba. Tarihin da ba ya kawo tallafi daga Turai, ba ya kai mutum taron bita a Balin, ba tarihi ba ne a wurinsu. Ganuwa laka ce, laka kuwa ba ta da farashi a gwanjo, shi ya sa ba ta samu lauya ba.

Kutsawa taron baƙi rashin tarbiyya ne, a hukunta waɗanda suka yi. Gidan MOWAA ya buɗe, ya nuna ayyukan masu zane na yau, muna so. Amma tagullar da aka ɗauka a fadar Oba, fadar Oba za ta koma, kuma inda mai kaya zai ajiye kayansa ba hurumin jikokin ɓarawo ba ne, balle 'yan amshinsu.