Haɗa kwamfutar wasa a Zabori: a fara da gurbi da wuta, katin hoto ya jira

Matashin da ke Zabori a jihar Dosso, idan ya sayi kayan kwamfuta ya tarar ba su dace da juna ba, ba shi da inda zai mayar da su. Kayan daga Yamai suke zuwa, ko daga Kano da Legas ta Kamba, ko a jakar ɗan'uwa da ya dawo daga Faransa. Hanyar Kwatano ma ta yi wuya tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a 2023. Kuskure ɗaya, kuɗin da aka yi shekara ana tarawa sun tafi.

Duk da haka, mai son buga eFootball ko FC yakan fara da katin hoto, domin shi ake yayatawa a TikTok. Wannan gini ne daga rufi.

Abin da ya kamata a fara zaɓa shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, tare da babban allon da za ta zauna a kai. Kowace furosesa da irin gurbinta. Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD gurbin AM4 take shiga, ba ta zama a AM5, balle allon Intel. Ko an dace da gurbin ma akwai saura: tsohon allo samfurin B450 na iya ƙin tashi da ita sai an sabunta masa BIOS, sabuntawar kuwa sau da yawa tana buƙatar wata tsohuwar furosesa. Wa zai ara maka ita a Zabori? Haka RAM: AM4 da DDR4 yake aiki, AM5 sai DDR5, kuma RAM ɗin laftof ba ya shiga allon kwamfutar tebur, duk da sunan ɗaya ne.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Ryzen 5 5600G ta fi dacewa. Harafin G na nufin tana fitar da hoto da kanta, alhali 5600 zalla, da na Intel masu F a ƙarshe, ba sa nuna komai sai da kati. Da 5600G da RAM biyu masu giga 8 kowanne, ana buga ƙwallo idan aka rage ingancin hoto. In aljihu ya yi nauyi, sai a ƙara kati.

Wasu za su ce tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ta fi arha, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai da yawansu akwatin siriri ne, na'urar ba da wutarsu ƙarama, wayoyinta kuma na kamfanin ne kaɗai. Katin da zai yi a nan shi ne gajere wanda ba ya neman wayar wuta ta daban, kamar wasu nau'o'in GTX 1650.

Batun wuta kuwa, a nan ake yin rowar da ke jawo asara. Na'urar ba da wuta marar suna, idan lantarki ya yi tsalle, tana iya mutuwa ta tafi da allo. Gara a rage kuɗin fitilu masu launi a sayi mai inganci, a haɗa da sitabilaiza. A bar wa fanka ma kasonta, saboda zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu.

'Yan'uwa mazauna waje su ma da nasu. Aiko da furosesa bana, allo baɗi, shi ke tara kayan da ba sa aiki tare. A sayi furosesa da allo da RAM lokaci guda, a kunna su a can kafin a naɗe. Wanda ke Amurka kuma ya duba bayan na'urar wutar: idan tana da ɗan jan maɓalli a kan 115, ya mayar da shi 230 kafin ya ba matafiyi, domin wutar Nijar 220 ce.