Kada Mu Tura Yaranmu Aikin Kamfani Ba Takarda

Edita,

Ina roƙon ka taimake ni da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni dai firamare kaɗai na yi, amma abin da ido ya gani ba ya neman satifiket.

Kowa ya san tun da 'yan bindiga suka hana mu gonakinmu na nesa, samarinmu sun watsu birane neman abin kai wa baka. Da an ce wane ya samu aiki a babban kamfani, sai gida ya ɗauki murna, ba mai tambayar wane irin aiki ne. Haka muka yi da ɗan yayana. A shekarar 2022 ya tafi Kano, wani ɗan kwangila mai kai lebura ya shigar da shi wata babbar masana'anta. Awa 12 yake yi a tsaye gaban inji, wannan mako da rana, wancan mako da dare. In ya makara a yanke masa kuɗi, in ya kwanta ciwo ranar ta tafi a banza. Ya fi shekara yana wannan aiki, ko ƙyallen takarda ba a ba shi ba.

Ran nan da dare inji ya datse masa yatsu biyu. Na bar teburina na bi shi Kano. Da ƙyar masu gadi suka bar ni na ga manaja. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ya buɗe littafi ya ce, "Baba, ka duba da kanka, sunan yaronka ba ya cikin ma'aikatanmu, yaron ɗan kwangila ne." Shi kuma ɗan kwangila ya biya kuɗin ɗinki ya ce yaro ya je gida ya huta. Da ya warke ya koma, ya tarar an sa wani a gurbinsa. Yau ga shi a Morai, fartanya ma ba ta riƙuwa gare shi yadda ya kamata.

Abin da ya sa na tuna da wannan shi ne rigimar da aka yi a matatar mai ta Dangote da ke Legas a watan Satumba na 2025. Ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, wato PENGASSAN, ta ce an kori ma'aikata wajen 800 saboda sun shiga ƙungiya. Kamfanin kuwa ya ce gyaran tsarin aiki ya yi saboda zagon ƙasa da ake yi masa. Ni ba alƙali ba ne. Amma ku duba yadda ta kaya. Ƙungiya ta shiga yajin aiki, Gwamnatin Tarayya ta kira zama a Abuja, a farkon Oktoba aka janye yajin bayan an amince za a mayar da mutanen aiki a wasu kamfanonin Dangote ba tare da rage musu albashi ba. A kasuwarmu na ji wasu na zagin ƙungiyar, wai za ta jawo mana tsadar fetur. Tsoron nasu gaskiya ne, ni ma da mashin nake ɗauko kaya. To amma waɗancan an saurare su ne don sunayensu na rubuce kuma suna da mai yi musu magana. Ɗan yayana fa, wa ya kira masa zama? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar tamu ita ce rashin takarda.

Bayan abin ya faru ne wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke sayen kaya wurina ya zaunar da ni ya karanta mini doka. Ashe Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 su wuce da fara aiki, a rubuta irin aikin da albashin da yadda za a rabu. Ashe akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce masu kamfani su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma har leburan wucin gadi na ciki. Ga dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, wadda ta hau kan duk mai ma'aikata 25 ko fiye. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Akwai ma kotu ta musamman ta ma'aikata, tana da reshe a Kano. Wallahi da na san wannan tun farko, da ban baro ofishin nan da "Allah ya isa" kaɗai ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani zai ce ai takardar ma ba ta hana zalunci. Haka ne. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, an rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka kwashe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Amma ko su, bashinsu a rubuce yake, shi ya sa iyalansu suka sami bakin zuwa gaban hukuma. Mu 'yan tireda mun san bambancin bashin da ke cikin littafi da wanda aka ci da baki.

Kuma mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, iyayenmu da dama sun yi lebura a wurin, wasu kuma gonakinsu aka karɓa. Rigimar diyya da rabon filaye ce ta kai ga abin da ya auku a watan Afrilun 1980, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta aka yi asarar rayuka masu yawa. Tsofaffinmu har gobe suna faɗi, da babban kamfani da talaka in za su haɗa harka, to a rubuta tun ana dariya.

Saboda haka ina ba iyaye shawara, in yaro zai tafi aikin kamfani a tambaye shi: wa ya ɗauke ka, kamfani ko ɗan kwangila? Ya nemi takarda da katin shaida. Ya nemi a riƙa biyansa ta banki ba a hannu ba, don ko saƙon shigar kuɗi a waya shaida ne. In ya ji rauni ya adana katin asibiti, ya kai rahoto nan take, kada ya sa hannu kan takardar da ba a karanta masa ba. Na san yunwa ba ta barin mutum ya yi ciniki, wani in ya tambaya za a ce ya tafi akwai goma a bakin ƙofa. To ko ba a ba shi komai ba, ya riƙe 'yar shaidar da zai iya riƙewa.

Ina kuma kira ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ta riƙa tura masu bincike cikin masana'antu ba tare da sanarwa ba, har da dare. Shugabannin NLC su tuna da leburan ɗan kwangila, ba manyan ma'aikata kaɗai ba. 'Yan majalisarmu da ke Gusau da Abuja su sa a fassara waɗannan dokoki da Hausa a riƙa karantawa a rediyo. Su kuma masu kamfanoni, muna son ku, muna son arziƙinku ya ƙaru don yaranmu su samu abin yi, amma ku ji tsoron Allah game da gumin talaka.

Daga ƙarshe ina roƙon Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, yaranmu su koma gonakinsu, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Morai, Ƙaramar Hukumar Talata Mafara,
Jihar Zamfara.