Baƙon da Kakansa Ke Kwance a Maƙabartar Garin

A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan lardin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Yau da wuya wata jam'iyya ta tsayar da irinsa, kuma a ganina babban abin da ya jawo haka shi ne takardar shaidar ɗan asali. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko mahaifarsa. Amma a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutumin da aka binne cibiyarsa a garin, yake biyan haraji a kasuwarsa, sai a tambaye shi sunan ƙauyen kakansa, a ce ya koma can ya karɓo takarda. Wanda hukuma ta kira baƙo a ofis, ɗan siyasa ba ya shan wahalar kiransa baƙo a kan mumbarin yaƙin neman zaɓe.

Mun ga inda wannan ke kaiwa. A Jos ta Arewa, zaɓen ƙaramar hukuma na Nuwamban 2008 ya rikiɗe ya zama faɗan 'yan asali da baƙi, addini ya shigo ciki, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. A Legas, a zaɓen gwamna na 2023, an yi ta yi wa ɗan takara Gbadebo Rhodes-Vivour gorin cewa mahaifiyarsa da matarsa Ibo ne, maimakon a auna manufofinsa.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Ƙananan ƙabilu na tsoron masu yawa su mamaye su, su wayi gari babu nasu a majalisa, gonakinsu da sarautunsu sun kuɓuce. Sai dai sarautar gargajiya daban, kujerar kansila daban. Ana iya tsare gado da ƙasar noma da doka ba tare da an hana maƙwabci tsayawa takara ba, domin shi ma rijiyar burtsatse da asibitin unguwar yake amfani da su.

Gyaran kuma daga gida zai fara. Bahaushen da ke kukan an ware shi a Jos ko Shagamu, ya kamata ya yarda ɗan Ibo haifaffen Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa, ya nemi shugabancin ƙaramar hukumar Fagge ba tare da an tambaye shi inda kakansa ya fito ba.