Majiya Ta Ishe Mu Wa'azi: A Kashe Babur, A Kafe Shi, Sannan A Sha Mai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda da 'yan acaɓa, musamman na ƙasar Jahun da Kiyawa da Taura da Dutse, a kan wani abu da muke yi kullum ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato yadda muke shan mai a babur da yadda muke kafe shi.

Babu ɗan Jigawa da zai manta da daren Talata 15 ga watan Oktoba na 2024. A daren ne wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, fetur ya malala cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, sai wuta ta tashi. Washegari a kabari ɗaya aka binne mutane da yawa, waɗanda suka ƙone kuma aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya da wasu wurare. Kwamitin binciken da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ce mutum 209 ne suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mu a nan ba labarin nesa ba ne, don duk mai cin kasuwar Gujungu ya san Majiya. Ba a yi wata huɗu ba, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda sama da mutum 80 suka halaka. A can an ce janareta aka tayar don a juye man daga tankar da ta faɗi zuwa wata, shi ne ya jawo wutar.

To jama'a, an yi ta magana a kan tanka da direbobi da lalacewar hanya, har hukumar kula da harkar mai ta ƙasa ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris na 2025. Wannan ya yi kyau. Amma ni abin da nake so mu duba shi ne, abin da ya ci Majiya da Dikko abu biyu ne suka haɗu, fetur a buɗe da tartsatsi a kusa. Kuma waɗannan biyun mu da kanmu muke haɗa su kowace safiya a gaban teburin ɗan bumburutu, sai dai namu na kwalba ne, nasu na tanka. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin da ya sa abin ya ƙaru ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, a watan da aka yi gobarar Majiya kuwa ta wuce Naira 1,000. Mai babur da ya saba cika tanki sau ɗaya ya yi kwanaki, sai ya koma shan kwalba ɗaya ko rabin lita, sau uku ko huɗu a wuni. Duk buɗe tanki ɗaya kuwa haɗari ɗaya ne. Sannan gidajen mai a manyan garuruwa suke da bakin kwalta, mutumin ƙauye ba zai ƙona lita guda ya je sayen lita guda ba, dole ya tsaya wurin mai jarka da mazurari. Ba na zagin 'yan bumburutu, abinci suke nema kamar kowa, kuma ba don su ba da mai naƙuda da yawa ba ta iso asibitin Jahun cikin dare ba. A ƙauyukanmu babur shi ne jaki, shi ne motar asibiti, shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun riɗi da zoɓo kasuwar Shuwarin ko Maigatari. Tunda ba za mu rabu da shi ba, ai sai mu koyi zama da shi.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, wannan warin da kake ji da an buɗe jarka. Fetur na fitar da tururi ko da sanyin hunturu ne, balle a zafin bazara. Kuma tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi, ya kwanta a rami ko kwata ko ƙarƙashin benci. Shi ya sa wuta ke iya tasowa daga murhun mai shayi ko tukubar mai tsire da ke can gefe, ta biyo tururin har bakin jarka, mutane su ce wai aljanu ne. Yanzu ka dubi babur irin su Boxer da Jincheng da muke hawa. Tanki na sama, inji mai zafi na ƙarƙashinsa daidai, fulogi mai ba da tartsatsi na nan a jikin injin, salansa kuma ga ta a gefe. Duk ɗigon da ya kuɓuce daga mazurari, a kan waɗannan zai sauka.

Duk da haka me muke gani? Ɗan acaɓa zai tsaya inji na aiki, yana zaune a kai, tanki na tsakanin cinyoyinsa, ga mace da goyo a bayansa, ya ce wa yaro zuba na ɗari biyar da sauri. In ka tambaye shi sai ya ce wai in ya kashe, mashin ɗin wuyar tashi gare shi, ko kuma fasinja na sauri. To ɗan'uwa, in wuta ta kama a wannan hali ta ina za ka fita? Ƙafafunka ne ke riƙe da babur, da ka zabura zai kife, man da ke tanki ya kwararo a kanka da wanda ka goyo. Sauri dai shi ke haifar nawa. In mashin ba ya tashi da bugu ɗaya, wurin bakanike za a kai shi a duba fulogi da kafireta, ba a bar shi yana ruri ana zuba masa mai ba.

Ga yadda ya kamata a yi, kuma bai fi minti biyu ba. Ka tsaya nesa da wuta, ka kashe makulli, kowa ya sauka, fasinja ya ja gefe. Ka kafe babur a kan babban sitan na tsakiya, wanda ake ce wa dabul, don ya tsaya cak tanki ya daidaita. Sannan a buɗe a zuba a hankali da mazurari. Kada a cika fal har baki, a bar ɗan wuri, domin fetur na kumbura in ya sha rana, kuma in ka cika shi fal sannan ka jingina babur a kan sitan na gefe, zai riƙa tsiyaya ta murfi. In ya zube a jikin tanki ko inji, a goge da tsumma, a jira ya bushe, a tura babur gaba kaɗan daga inda man ya zuba kafin a buga kik. Sigari da ashana da leta kuwa ba sai an faɗa ba. Da dare a haska da tocila, ba da aci-balbal ko kyandir ba.

Maganar sitan ita ma ba ƙarama ba ce, musamman a ƙasarmu ta yashi da jigayi. Sitan na gefe ƙafa ɗaya ce siririya, duk nauyin babur a kanta yake komawa. A kan rairayi ko ƙasar da ta jiƙa da damina, a hankali take nutsewa, kana can kana ciniki sai ka ji rim, babur ya kwanta, mai na zuba ta murfi da kafireta a kan salansa mai zafi. Sau da yawa kuma yara ne ke wasa a gindinsa. Maganin abin ɗan guntun katako ne ko faffaɗan dutse ko marfin gwangwani a sa a ƙarƙashin ƙafar. In wurin gangare ne, a juya kan babur ya dubi tudu, a bar shi cikin giya. In an ɗaura buhu biyu a baya, kada a amince wa sitan na gefe, a sami mai riƙewa ko a sauke kayan tukuna. Shi kuma dabul, wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe yake so, ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa tare, ka taka shi da nauyin jikinka kana ɗan ɗaga kariya, ba ka fizga da ƙarfin baya ba. In babur zai kwana, a rufe makunnin mai na ƙasan tanki.

Sai kuma mantuwa. Da yawa cikin baburanmu ba su da abin da ke kashe inji in sitan na ƙasa, saboda haka mutum na iya tashi da shi a buɗe bai sani ba. Tafiya za ta yi daɗi har sai ya zo kwanar hagu, ƙarfen ya caki ƙasa, ya watsar da shi da fasinja. Kafin ka sa giya, kai dunduniyarka ta hagu ka tabbatar ya koma. In sifirin ɗinsa ya saki yana lilo, kuɗin sabo bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba. Wanda kuma ya ga wani ya tashi da sitan a ƙasa, ya yi masa ihu, sadaka ce.

Ku kuma 'yan'uwa masu sayar da mai, ku ji tsoron Allah ku duba inda kuke kafa tebur. Kada ku zauna jikin mai ƙosai ko mai shayi ko mai walda ko mai cajin waya da janareta. Ku ajiye jarkoki a inuwa a rufe, ku tanadi bokitin yashi a kusa. Ku daina zuƙo mai da tiyo a baki, domin in ya sarƙe ya shiga huhu illa yake yi babba. Ku daina barin yaro ɗan shekara goma shi kaɗai a kan tebur. Kada a kwana da jarkar fetur a ɗaki ko a zaure inda ake kunna maganin sauro, kuma kada jarkar fetur ta zama ta kananzir, don an sha ganin fitila da risho sun fashe a kan haka. Mafi girma duka, duk wanda ya zo bai kashe inji ba, ku ce ba za ku zuba ba. In duk kun haɗa baki a kan haka, ba shi da inda za shi.

In kuma tsautsayi ya faɗa, kada a watsa wa wutar fetur ruwa, don man a saman ruwa yake tafiya, sai wutar ta ƙara yaɗuwa. Yashi ko ƙasa ake zubawa, ko a lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo ko buhun algarara. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga da gudu, gudu fifita wuta yake, ya faɗi ƙasa ya yi birgima a lulluɓe shi. Bayan wutar ta mutu, a yi ta zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Ban da shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai ko gishiri, waɗannan ƙara wa ciwo dafi suke.

Na san wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ai ba mu ga wanda ya bar rumbunsa a buɗe ga awaki don ya yarda da ƙaddara ba. Rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa na kowace tasha da su sa wannan cikin dokokinsu, su ci tarar wanda ya sha mai da fasinja a kai, kamar yadda suke cin tarar wanda ya tsallake layi. Ina kira ga ƙaramar hukumar Jahun da maƙwabtanta da su keɓe wa masu sayar da mai wuri a kowace kasuwa nesa da 'yan wuta, maimakon kora da kwace jarka wanda ba ya hana komai sai dai ya mai da sana'ar cikin gidaje, inda ta fi haɗari. Hukumar kashe gobara da hukumar kiyaye haɗura su riƙa zuwa ranar kasuwa suna nuna wa mutane da ido, Rediyon Jigawa ya riƙa maimaitawa, dagatai da masu unguwanni da limamai su taya da faɗakarwa. Kuma duk inda tanka ta faɗi, a kama hannun yara a yi nesa, a bar wa jami'ai. Man banza ba ya kai kowa gida.

Allah Ya tsare mu da wuta, ta duniya da ta lahira, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Bakin Kasuwa, Jahun,
Jihar Jigawa.