Darasi Daga Duwatsun McDowell

Da an ambaci Amurka sai zukatanmu su tafi ga dogayen benaye da daloli. To, ga gundumar McDowell, a kudancin jihar Bajiniya ta Yamma, cikin duwatsun Apalaciya. Ƙasa ce ta tsaunuka da matsattsun kwaruruka, filin noma kaɗan ne, babban garinta Welch kuwa a maƙale yake a bakin kogin Tug Fork. Kwal ne ya tara mata jama'a. A ƙidayar 1950 mutanenta 98,887 ne, a ta 2020 saura 19,111.

Me ya jawo haka? Injuna sun karɓe aikin leburori, ramukan haƙa da dama sun rufe, riba kuwa tun can kamfanonin wasu jihohi ke kwashewa. Da aiki ya ƙare, samari suka yi ƙaura, aka bar tsofaffi.

Mu da gobe za a damƙa wa ofisoshin tsare-tsare, lalle mu yi hattara. Duk ƙasar da ta rataya cinta da shanta bisa ma'adini guda, kwal ne ko kuza ko man fetur, ba ta kafa wasu sana'o'i da kuɗinsa ba, ranar da kasuwarsa ta faɗi jama'arta za su watse. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.