TAYI BA RAINI BA NE

Akwai wata ɗabi'a da muka daɗe muna lura da ita wurin ma'aikata, musamman malaman makaranta da akawuna, wadda muka ga ya kamata mu yi magana a kanta. Mutum ya shekara 20 ko 30 yana tsimi da tanadi, ko kuwa ya karɓi kuɗin sallama bayan ya aje aiki, ya tashi sayen gidan da zai sa iyalinsa. Da an yanka masa kuɗi sai kunya ta rufe shi, ya kasa tayawa ƙasa da haka, wai don kada a ce malam guda yana ja-in-ja kamar mai cinikin albasa. Mu dai a ganinmu wannan kunya asara ce tsantsa.

A dubi kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ran Juma'a. Mai saye yakan zagaya sa, ya duba haƙora, ya taɓa tozo, sa'an nan ya taya. Mai sa ya ce albarka, a ƙara, a sāke ƙarawa, har a sallama, kowa ya tafi ba wanda ya ce an zage shi. To, in ana yi wa dabba wannan ƙwanƙwance, ina ga gida, wanda mutum zai tsufa a ciki, 'ya'yansa kuma su gada?

Maganar ta daɗa zama tilas a ƙasar Wudil. Garin yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tsohuwar kwalejin horon malamai ta zama jami'ar kimiyya da fasaha, ta fara karatu a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ga kuma babbar makarantar horon hafsoshin 'yan sanda. Saboda haka masu neman muhalli suka yawaita, aka shiga gina gidajen bulo da siminti irin waɗanda a ke kira filat. Labarin kuɗin da a ke samu kuwa bai tsaya cikin gari ba, ya kai Ɗankaza da sauran ƙauyuka. Mai gida ya ji abin da aka sayar da wani gida kusa da jami'a, shi ma sai ya ɗora wa nasa haka, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Ya kamata a gane, kuɗin da aka fara faɗi buri ne na mai sayarwa, galibi kuma ya riga ya bar wurin ragi a ciki. Dillali kuwa la'adarsa tana bin kuɗin ciniki ne, in ya yi sama ta yi sama. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Amma kada mai saye ya mai da shi mashawarcinsa kaɗai.

Tayi na ƙwarai a kan sani a ke gina shi, sanin kuwa kashi 3 ne.

Na farko, a binciki abin da aka sayar da gidajen da ke maƙwabtaka, watau abin da aka biya hannu da hannu. Mai unguwa da dagaci da magina na wurin sun fi kowa sanin wannan, don da wuya a yi ciniki ba su ji ba.

Na biyu, a san aibin gidan. Ba a cinikin biri a sama. Wanda ya ga gida da rani bai gama ganinsa ba, sai ya koma cikin Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, ya ga inda rufi ke yoyo, da gindin katanga ko danshi ya ci shi, da inda kwata ta nufa, da nisan masai daga rijiya. A ƙasa mai kogi da fadamu irin wannan, tambayar ko ruwa ya taɓa shiga unguwar ita ce gaba da kome. A tafi da magini ya ƙiyasta kuɗin gyara. A ce an yanka naira miliyan 10, magini ya ce gyara zai ci miliyan 1 da rabi. Wanda ya taya miliyan 8 ya faɗi dalilinsa, bai raina kowa ba, in an daidaita a miliyan 8 da rabi kuwa kowa ya tsira da mutuncinsa.

Na uku, a san matsayin takarda. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne. Wanda Gwamna ya ba izini ba ya mayar da shi ga wani sai da yardar Gwamna, mai izinin gargajiya a karkara kuwa sai da yardar ƙaramar hukuma. Gidan da takardarsa ba ta cika ba, wahala da kuɗin cika ta suna kan mai saye, don haka daidai ne a rage su daga tayi. In gidan gado ne, a tabbata an raba, ko kuwa dukan magada sun yarda, gama a shari'a abokin tarayya cikin abin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya kuɗin ya karɓe rabon da aka sayar. Araha ba ta da amfani in ƙarshenta gaban alƙali ne.

Amma fa kada a ji mun ce a taya, a zaci mun ce a yi zalunci. Akwai mai jira sai ya ji mutum ya matsu, ko ciwo ya kwantar da wani nasa, ko marayu na bukata, sa'an nan ya zo ya taya rabin kuɗi, yana kushe gida da aibin da ba shi da shi. Wannan cin amanar maƙwabtaka ne, kuma ya fi muni ga wanda jama'a ke kira malam. Haka nan addini ya hana mutum ya shiga cinikin da ɗan'uwansa ya kusa ƙullawa, ya kuma hana a sa wani ya yi ta ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kurum a ruɗi mai saye na gaskiya.

In an sallama, a rubuta. A sa kuɗin da aka daidaita, da abin da aka bayar na kafin alƙalami, da ranar cikawa, da iyakokin gida ta fuska 4, da wanda zai biya la'ada, shaidu su sa hannu. Akawu da ke kwana yana lissafin kuɗin hukuma, da malami da ke koya wa yara tarawa da ɗebewa, bai kamata a ce su ne aka fi cuta a cinikin da ya fi kowane girma a rayuwarsu ba. Allah ya sa mu dace.